Kare Kai Daga Cututtuka a Jirgin Ruwan Yawon Shaƙatawa: Tambayoyi da Amsoshi

Mutum kan daɗe yana tara kuɗin tafiyar da ba ta wuce kwana 7 ko 10 ba, ya shiga jirgi da murna, sai a kwana na uku ya tsinci kansa tsakanin gado da banɗaki. Akasarin irin wannan abin takaici ana iya kauce masa, kuma hanyar ba ta da tsada. Ga tambayoyin da masu shirin tafiya suka fi yi.

Da gaske ne waɗannan jirage matattarar cuta ne?

An yi wa maganar gishiri. Manyan jiragen yawon shaƙatawa suna cikin wuraren taruwar jama'a da aka fi sa wa ido ta fuskar tsafta. Tun 1975 hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta kafa shirin duba tsaftar jiragen da ke tsayawa a tashoshin ƙasar. Wajibi ne jirgi ya riƙa rubuta duk wanda ya kawo ƙorafin amai ko gudawa, ya kuma aika wa hukumar adadinsu kafin ya iso tasha. Idan masu ciwon suka kai kashi 3 cikin 100 na fasinjoji ko na ma'aikata, hukumar kan wallafa labarin kowa ya gani. Otal ko gidan abinci na kan tudu babu mai tilasta masa irin wannan ƙidaya, shi ya sa sunan jirgi yake fita a labarai nasu kuwa ba ya fita. A lissafin hukumar, kusan kashi 1 ne kacal cikin 100 na ɓarkewar cutar norobairos, mai sa amai da gudawa, da ake kai rahoto yake faruwa a jiragen ruwa. Mafi yawa a gidajen kula da tsofaffi da asibitoci ake samu.

Duk da haka, haɗarin na gaske ne, kuma dalilinsa cunkoso. Jirgin Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000. Gari guda ke nan a kan ruwa. Mutanen sun fito daga ƙasashe daban-daban, suna cin abinci wuri ɗaya, suna dafa ƙarfen matakala ɗaya, suna danna maɓallin lif ɗaya, dare da rana. Mutum ɗaya ya shigo da cuta ranar tashi ya isa. Ga kuma ma'aikata da ke zama a jirgin watanni, waɗanda cutar kan iya laɓewa a cikinsu daga wannan tafiya ta tsallaka zuwa ta gaba.

Mece ce wannan norobairos da ake ta ambata?

Ƙwayar bairos ce mai haddasa kumburin ciki da hanji, kuma ita ce ke bayan mafi yawan ɓarkewar amai da gudawa a jirage. Ta samo sunanta daga garin Norwalk na jihar Ohayo a Amurka, inda ta ɓarke a wata makarantar firamare a 1968.

Daga shigarta jiki zuwa bayyanar alamu awa 12 ne zuwa 48. Takan zo ba sallama: tashin zuciya, amai mai ƙarfi, gudawa kamar ruwa, murɗawar ciki, wani lokaci da ɗan zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Ga mai ƙarfin jiki takan wuce cikin kwana 1 zuwa 3.

Abin da ya sa ta gagari mutane abu uku ne. Mai ciwon yana fitar da ƙwayoyin da suka kai biliyoyi a amai da bayan gida, alhali ƙasa da guda 100 sun isa su kwantar da wani. Sannan ƙwayar tana da taurin rai, tana iya yin kwanaki har makonni a kan marikin ƙofa ko tebur ba ta mutu ba. Na uku, mutum yakan ci gaba da fitar da ita a bayan gida har mako biyu ko fiye bayan ya ji ya warke. Babu allurar rigakafinta, babu kuma wani magani da ke kashe ta a cikin jiki. Kamuwa da ita sau ɗaya ba ya hana sake kamuwa, don iri-iri ce.

Hanyarta kuwa guda ce: daga bayan gida ko aman mai ciwo, zuwa hannu ko abinci, zuwa bakin mai lafiya. Bayanin da ke biye a kan yadda za a datse wannan hanya ne.

Na ga man tsaftace hannu a kowace kusurwa ta jirgi. Bai wadatar ba?

Bai wadatar ba, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Sanitiza, wato man nan, da sinadarin alkohol take aiki, shi kuma alkohol yana narkar da wani lulluɓin maiƙo da ke jikin wasu ƙwayoyin cuta, irin na mura da na korona. Norobairos ba ta da wannan lulluɓi. Ɓawonta mai tauri ne, alkohol ba ya yi masa abin kirki. Kana iya shafe hannunka da sanitiza sau goma, ƙwayar tana nan daram.

Sabulu da ruwa mai gudana su ne maganinta. Sabulun ba kashe ta yake yi ba, ɓamɓare ta yake yi daga fata, ruwa kuma ya tafi da ita. Saboda haka sabbin jirage da dama suka girka wuraren wanke hannu a bakin ƙofar ɗakin cin abinci. Idan ka ga famfo a nan, tsaya ka wanke, ko da layi ya yi tsawo. Sanitiza ka riƙe ta a matsayin ƙari, tana da amfani a kan mura, amma kada ta maye gurbin sabulu.

To, yaya ake wankin da zai yi aiki, kuma a wane lokaci?

Jiƙa hannu, sa sabulu, cuɗa na aƙalla daƙiƙa 20. Yawancinmu tafin hannu kawai muke gogawa mu ɗauraye. Wuraren da ake mantawa su ne bayan hannu, tsakanin yatsu, babban yatsa da ƙarƙashin farce. Bayan ɗauraya ka tsane hannun sosai, don jiƙaƙƙen hannu ya fi busasshe kwasar ƙwayoyin cuta. A banɗakin jama'a, yi amfani da takardar goge hannu ka rufe famfo, ka kuma buɗe ƙofa da ita, domin wanda ya fita gabanka wataƙila bai wanke nasa ba.

Lokutan da ba a sassauci a kansu: bayan fitowa daga banɗaki, bayan canza wa yaro ƙunzugu, kafin a sa komai a baki, da duk lokacin da ka dawo ɗakinka daga cikin jama'a ko daga yawon gari. Cikin "komai" ɗin nan har da ƙwayar magani da ɗan abin taunawa da ake ɗauka a tsaye.

Shawarata, in dai ɗakinka ba shi da nisa, ka daure ka koma can ka yi amfani da banɗakinka maimakon na jama'a. Tafiyar minti uku ce, amma ta rage maka haɗari mai yawa.

Teburin abinci na ɗebi-da-kanka fa, in guje shi gaba ɗaya?

Ba sai ka guje shi ba. Abincin kansa ana kula da zafinsa da sanyinsa, ana kuma sauya shi a kan lokaci. Matsalar tana jikin ludayi da cokulan ɗiba, waɗanda ɗaruruwan hannaye suka riƙe kafin naka. Ka wanke hannu a ƙofa, ka riƙe ludayi goma, ka zauna ka ɗauki burodi da yatsunka, to wankin farko ya tashi a banza. Saboda haka ko dai ka sake wankewa bayan ka ajiye farantinka, ko ka ci komai da cokali. Wasu kan riƙe ludayin da takardar goge baki, wannan ma dabara ce mai kyau.

In za ka ƙara, ɗauki sabon faranti. Kada ka kafa bakin gorarka a jikin na'urar zuba ruwa, cika kofi mai tsafta ka juye. Yara ƙanana kuma babba ya zuba musu.

Idan ka ga ma'aikata sun karɓe ludaya suna zuba wa mutane da kansu, an kwashe mazubin gishiri daga tebura, ana ta goge ƙarafan matakala, alama ce cewa masu ciwo sun fara yawa. Wasu jiragen ma kan yi hakan a kwana biyun farko na kowace tafiya don rigakafi. Kada ka yi fushi da su. Gemun ɗan'uwanka ne ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abinci ɗaya da zan ce a yi hattara da shi ko'ina shi ne ɗanyar kawa da danginta masu ɓawo. Waɗannan halittu suna tace ruwan teku ne su ci, sai ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan su taru a jikinsu. Norobairos tana jure zafi har kusan digiri 63 na ma'aunin Salshiyos, don haka ɗan turarawa ba ya kashe ta. Mai ciwon hanta, mai ciwon suga, mai juna biyu da mai raunin garkuwar jiki su bar ɗanyen abincin teku kwata-kwata.

Ruwan famfon jirgi yana shawuwa?

A manyan jirage, e. Mafi yawansa daga teku ake samar da shi, a cire gishirin ta hanyar tacewa ko turarawa, a sa masa kilorin, a riƙa auna shi kullum. Ƙanƙarar jirgi ma da wannan ruwan ake yin ta. Ɗanɗanonsa na iya bambanta da wanda ka saba, amma wannan ba alamar gurɓata ba ce. A ƙananan jiragen kogi, tambayi ma'aikata kafin ka sha.

Ya kamata in goge ɗakina da kaina ranar da na shiga?

Ba laifi, minti biyar ne. Goge abubuwan da hannu ya fi taɓawa: marikin ƙofa, makunnin fitila, rimot, wayar ɗaki, kan famfo da madannin banɗaki. Sai dai ka duba abin gogewar da ka saya, domin mai alkohol zalla ba ya kashe norobairos. Nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana kashe ta, yawanci mai kilorin ne ko haidirojin faroksaid. Ka bar wurin a jiƙe na tsawon lokacin da aka rubuta kafin ya bushe.

Kada ka manta da wayarka ta hannu da katin ɗakinka. Su ne suke bin ka ko'ina, daga banɗaki har teburin abinci.

Wani ya yi amai a kusa da ni. Me zan yi?

Bar wurin nan take, ka ja yaranka, ka sanar da ma'aikaci mafi kusa. Amai mai ƙarfi yana watsa ƙananan ɗigo a iska, su sauka a kan tebura da abinci da tufafi, mutum ya haɗiye su bai sani ba. Duk abincin da yake buɗe a kusa, bar shi. Je ka wanke hannu da fuska, in tufafinka sun samu ka cire su ka ƙulle a leda. Kada tausayi ya sa ka ɗauki tsumma ka fara gogewa. Jirgi yana da ma'aikatan da aka horar don wannan aiki, da safar hannu da takunkumi da sinadarin da ya dace. Taimakon da za ka yi wa mai aman shi ne ka kira masa su.

Na fara gudawa. In na faɗa za a killace ni a ɗaki, hutuna ya lalace. Ba gara in yi shiru ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna a duk shafin nan, domin amsar da mutane suke ba kansu a ɓoye ita ce ke mayar da ciwon mutum biyar ya zama na mutum 300.

Na fahimci abin da ke ranka. Ka biya kuɗi mai yawa, gobe jirgi zai tsaya a garin da ka daɗe kana mafarkin gani, kana ganin in ka sha maganin tsayar da gudawa za ka iya lallaɓawa. Amma maganin nan hanji kawai yake tsayarwa, ƙwayar tana nan a hannunka. Lokacin da kake ciwon da kwanakin farko bayansa su ne lokacin da ka fi yaɗa ta. Duk ludayin da ka riƙe, duk maɓallin da ka danna, ka bar wa na bayanka rabo. A cikin na bayan nan akwai tsohuwa mai shekara 80 da ciwon zuciya, akwai jariri, akwai wanda bai daɗe da gama maganin ciwon daji ba. Abin da zai wuce maka cikin kwana biyu, su yana iya ƙarar da ruwan jikinsu har ya kai ga a sauke su asibiti a ƙasar da ba su san kowa ba.

Abin da ya dace: zauna a ɗakinka, ɗauki wayar ɗaki ka kira asibitin jirgi. Kada ka taka zuwa can sai sun ce ka zo, don kada ka bi ta lif da matakala kana taɓe-taɓe. Za su tambaye ka sau nawa ka yi amai ko gudawa, da abin da ka ci a kwanakin baya, su ba ka abin da ya dace. Yawanci za a nemi ka zauna a ɗaki har awa 24 bayan alamar ƙarshe, wasu jiragen sukan ce 48. Ma'aikacin da ke taɓa abinci kuwa awa 48 ne mafi ƙaranci. Za a kawo maka abinci har ɗaki, a tsaftace banɗakinka da sinadari na musamman. Kamfanoni da dama ba sa cajin kuɗin duba mai amai da gudawa, wasu har sukan rama wa fasinja wani abu na kwanakin da ya yi a killace, don dai mutane su daina ɓoyewa. Karanta sharuɗɗan tikitinka ka ga abin da naka kamfanin ya tanada.

Haka abin yake tun ranar shiga. In an ba ka takardar tambayoyin lafiya, ko an tambaye ka ta manhajar kamfanin, faɗi gaskiya. Likitan jirgi ne zai duba ka ya yanke shawara, kuma ba kowane ƙorafi ne yake hana shiga ba.

Wanda kuke ɗaki ɗaya da shi ya ware tawul ɗinsa da kofinsa, ya ninka wanke hannu, ya kuma sa ido a kan jikinsa na kwana biyu.

Me zan sha kafin ciwon ya wuce?

Ruwa shi ne magani. Abin tsoro a amai da gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ka tafi da ƙunshin garin gishiri da sukari na kemis, wanda ake narkawa a lita 1 ta ruwa. In babu, ana haɗawa da hannu: lita 1 ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kurɓa kaɗan-kaɗan ake yi, a kai a kai. In amai ya dawo, a dakata minti 10 a ci gaba. Lemon kwalba mai zaƙi sosai da barasa suna ƙara tsananta gudawa.

Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa bairos, shansa a nan asara ce, yana ma iya ƙara dagula hanji. Lofaramaid mai tsayar da gudawa babba na iya sha, amma ban da lokacin da akwai jini a bayan gida ko zazzaɓi mai zafi, kuma ba a ba ƙaramin yaro.

Sake kiran likita ba tare da jinkiri ba idan fitsari ya ɗauke ko ya yi duhu ƙwarai, idan jiri yana ɗibar ka in ka miƙe, idan ko kurɓin ruwa ba ya zama a ciki, ko ka ga jini. A jariri, kuka ba hawaye, bushewar baki, faɗawar maɗiga da yawan barci alamu ne na gaggawa.

Ta yaya zan gane ko tangaɗin jirgi ne ya tayar mini da zuciya ko cuta ce?

Jirin teku ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, kuma ba a ɗaukarsa. Kunnen ciki yana jin motsi, ido kuma yana ganin bangon ɗaki a tsaye cak, sai saƙonnin biyu su saɓa a ƙwaƙwalwa. Yakan taso lokacin da igiyar ruwa ta yi ƙarfi, ya zo da zufa mai sanyi da hamma, ya lafa idan teku ya kwanta ko an taka tudu. Ba ya zuwa da gudawa ko zazzaɓi. In ka ga ɗayan biyun nan, ɗauke shi a matsayin cuta ka kira likita.

Mai saurin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, inda tangaɗi ya fi sauƙi. Fita iska ka kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa, ka ajiye waya da littafi. Citta tana taimaka wa wasu. Magunguna irin su mekilizin sun fi aiki in an sha kafin jirin ya fara, sai dai suna sa barci. Akwai kuma filastar sikofolamin da ake liƙawa a bayan kunne awa 4 kafin tashi, tana aiki kwana 3. Tana busar da baki, tana iya dusashe gani, tana rikita wasu tsofaffi, kuma ba ta dace da masu wani nau'in hawan jinin ido ba, don haka sai da izinin likita.

Mura da korona fa?

Su ma suna cikin abin da ya fi kai mutane asibitin jirgi. Duniya ta ga iyakar abin a Fabrairun 2020, lokacin da aka killace jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan. Mutum 3,711 ne a cikinsa, sama da 700 suka kamu da korona.

Mura mai tsanani ba ta bin kalanda a jirgi. A arewacin duniya lokacin sanyi take tashe, a kudanci kuwa daga wajen Afrilu zuwa Satumba, a ƙasashe masu zafi kusan duk shekara. Tunda fasinjoji da ma'aikata daga ko'ina suke, ana iya samun ɓarkewarta a tsakiyar bazara, kamar yadda ya faru a jiragen Alaska a 1998. Yi allurar mura aƙalla mako 2 kafin tafiya, don garkuwa ta samu lokacin kankama.

Cikin jirgi, wuraren da suka fi haɗari su ne rufaffu masu cunkoso: lif, zauren kallo, layin sauka da motocin yawon gari. Dattijo ko mai ciwon huhu ya sa takunkumi mai kama fuska a irin waɗannan wurare. Inda akwai zaɓi, zauna a sarari inda iska ke kaɗawa. Mai tari kuma ya sa takunkumi saboda sauran mutane, ya je a gwada shi da wuri, domin maganin mura ya fi tasiri in an fara shi cikin awa 48 na farko.

Wurin ninƙaya da bahon ruwan zafi suna da haɗari?

Kilorin yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta cikin mintuna, amma akwai wata mai suna kiriftosforidiyam da ke iya wuce kwana 7 a ruwa mai kilorin ba ta mutu ba. Shi ya sa ba a barin yaro mai ƙunzugu ya shiga babban wurin ninƙaya, ko da ƙunzugun na ruwa ne. Mai gudawa kada ya shiga ruwa ko kaɗan. Yi wanka kafin ka shiga, kada ka haɗiyi ruwan.

Bahon ruwan zafi mai tafarfasa nasa haɗarin daban ne. Bakteriyar lijonela tana bunƙasa a ruwa mai ɗumi, tsakanin digiri 25 zuwa 45, kumfar bahon kuma tana tayar da ita cikin tururi a shaƙa. Tana jawo ciwon huhu mai tsanani, wanda aka fara gane shi bayan wani taron tsofaffin sojoji a birnin Filadalfiya na Amurka a 1976. A 1994 an gano bahon wani jirgin shaƙatawa ne ya harbi fasinjoji da dama, a 2024 kuma CDC ta ja hankali a kan bahon da ake girkawa a barandar wasu ɗakuna masu tsada, wanda ba a kula da shi kamar na jama'a. Ba sai ka shiga ba, zama kusa da tururin ma yana iya isa. Wanda ya haura shekara 50, mai shan taba, mai ciwon huhu da mai raunin garkuwa su fi kowa taka-tsantsan. In ruwan ya yi gurɓi-gurɓi ko bangon bahon yana santsi, fasa shiga ka sanar.

Waɗanne allurai zan yi kafin tafiya?

Je ka ga likita mako 4 zuwa 6 kafin ranar tashi, ka tafi da jerin duk tashoshin da jirgin zai tsaya. Ban da ta mura da ta korona, ka tabbata ka yi ta ƙyanda sau biyu. Ƙwayar ƙyanda tana iya yin awa 2 a iskar ɗaki bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum 10 marasa garkuwa da suka shaƙa, 9 sukan kamu. A 2019 an killace wani jirgi a tsibirin Sant Lusiya saboda mutum ɗaya mai ƙyanda. Gwargwadon inda za a je, likita na iya ƙara ta taifot da ta ciwon hanta nau'in A.

Zazzaɓin shawara batun doka ne ma. Wasu ƙasashe ba sa barin a sauka sai da katin shaidar allurar, musamman in jirgin ya biyo ta yankin da cutar take a Afirka ko Kudancin Amurka, kuma kamfanin na iya hana ka shiga tun daga tashar farko. Katin yana fara aiki kwana 10 bayan allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Idan jirgi ya tsaya muka sauka yawo, me zan kiyaye?

Ƙa'idojin tsaftar jirgi a bakin gada suke tsayawa. Inda ba ka amince da ruwa ba, sha na kwalba mai hatimi, ka bar ƙanƙara da ɗanyen ganye. Ci abin da aka dafa aka kawo yana turiri, da 'ya'yan itacen da ka ɓare da hannunka.

A tsibiran Karebiyan da kudu maso gabashin Asiya akwai zazzaɓin dengi da cikungunya da zika, kuma sauron da ke kawo su da rana yake cizo, wato daidai lokacin da fasinja yake yawo. Shafa maganin sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30. In za ka haɗa da man kare rana, shi ake fara shafawa, na sauro ya biyo baya. Kada ka taɓa kare ko kyanwa ko biri, komai kyansu. In wani ya cije ka ko ya yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ka je wurin likita a ranar saboda ciwon haukan kare.

Ina da juna biyu, ga kuma jariri. Za mu iya tafiya?

Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mace idan cikinta zai shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar, domin jirgi ba shi da kayan kula da bakwaini. Jariri kuma sai ya cika wata 6, a tafiyar tsallaka babban teku sai ya kai wata 12. Ki nemi takardar likita mai nuna makon cikin, ki kuma tattauna da shi a kan zika, saboda tana iya lahanta ƙwaƙwalwar ɗan tayi.

Asibitin jirgi zai iya da komai? Kuma kyauta ne?

Akwai likita da ma'aikatan jinya a kowane babban jirgi, suna iya ƙarin ruwa, ɗinki, hoton ƙashi, gwajin jini da farfaɗo da wanda zuciyarsa ta buga. Babbar tiyata da doguwar jinya sai kan tudu. Mai tsananin ciwo akan sauke shi a tasha mafi kusa, ko jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi idan gaɓa ba ta yi nisa ba.

Ba kyauta ba ne. Ana ɗora kuɗin a kan lissafin ɗakinka, kuma inshorar lafiya ta gida sau da yawa ba ta aiki a teku ko a wata ƙasa. Sayi inshorar tafiya da ta ambaci jirgin ruwa ƙarara, wadda ta haɗa da kuɗin kwashe majinyaci da mayar da shi gida, ka kuma bayyana musu duk ciwon da kake da shi tun da farko.

Magungunanka na kullum su kasance a jakar hannu cikin kwalayensu na asali, da rarar mako guda ko biyu, da takarda mai sunayensu da yadda ake sha. Babbar jaka takan yi awanni kafin ta iso ɗaki ranar shiga.

Akwai hanyar sanin tsaftar jirgi kafin in biya kuɗi?

Ga jiragen da ke shiga tashoshin Amurka, akwai. Masu binciken CDC sukan hau jirgi ba sanarwa, su duba kicin, ma'ajiyar abinci, ruwan sha, wuraren ninƙaya, asibiti da wurin renon yara, su ba da maki bisa 100. Wanda ya samu 86 zuwa sama ya ci, 85 zuwa ƙasa ya faɗi. Sakamakon yana shafin hukumar na intanet da sunan kowane jirgi. Kada ka tsaya a makin ƙarshe kawai, duba na shekarun baya, ka karanta abin da aka kama jirgin da shi. Ƙasashen Turai ma suna da nasu shirin mai suna SHIPSAN. Sai dai maki 100 shaidar tsaftar kicin da bututun ruwa ne, ba ya hana fasinja shigowa da norobairos a cikinsa.

Na dawo gida lafiya. Shi ke nan?

Sa ido na ɗan lokaci. Ciwon huhun lijonela yana iya bayyana daga kwana 2 har 14 bayan shaƙar tururin, don haka tari da zazzaɓi da sarƙewar numfashi a makonni biyun farko abin kai wa likita ne, ka kuma gaya masa cewa daga jirgin ruwa kake, ka ambaci bahon ruwan zafi in ka kusance shi. Wannan bayani ne zai sa ya yi gwajin da ya dace. Zazzaɓi bayan sauka a yankin maleriya ko dengi shi ma a gwada shi a ranar, ko da wata guda ya wuce.

In ka yi amai da gudawa a kwanakin ƙarshe na tafiyar, kada ka dafa wa kowa abinci sai an yi kwana 2 da ɗaukewarsu, ka wanke tufafin tafiyar da ruwan zafi. Jin kamar ƙasa tana lilo da kai bayan sauka kuwa abu ne da aka saba gani, yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan ya kai wata guda bai daina ba, je ka ga likitan kunne.